BABI NA HUƊU: KWAIKWAYON AMFILIFAYAR JITA DA SARRAFA-KAI A MANHAJOJIN ƊAUKAR WAƘA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan kiɗan da makaɗan ƙasashen Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi suka gada tun kaka da kakanni. A wannan babi kuwa za a dubi wasu dabaru guda biyu da masu haɗa sauti na wannan zamani suke amfani da su a cikin kwamfuta. Ta farko ita ce ƙaramar manhajar nan da ke kwaikwayon amfilifayar jita. Ta biyu ita ce dabarar sarrafa-kai, wadda masu situdiyo suke kira otomeshin. An haɗa su wuri ɗaya ne domin a waƙar Hausa ta farkon ba ta cika yin amfani ba sai da ta biyun. Dalili shi ne, Bahaushe kalma yake saurare a cikin waƙa kafin kiɗa, kuma sautin jita da ya bi ta amfilifaya yana da halin danne kalma idan ba a yi masa linzami ba.

4.1 Daga Fiyano Zuwa Kwamfuta

Waƙar situdiyo ta Hausa ta bunƙasa ne tare da finafinan bidiyo, waɗanda aka fara a Kano da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a shekarar 1990. A tsakiyar shekarun 1990 zuwa ƙarshensu, fiyanon Yamaha samfurin PSR ita ce ta zama uwa ma ba da mama a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, irin su na kamfanin Iyan-Tama, kuma waƙoƙin fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya suna cikin waɗanda suka fito da wannan salo fili. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan marhala. Abin lura a nan shi ne, tun a wancan lokaci kwaikwayo ake yi. Mai fiyano yakan lalubi wani sauti daga cikin waɗanda aka ajiye mata a Japan, wanda ya yi kama da sarewa ko kalangu ko goge, ya sa shi a madadin na gaskiya. Daga nan ne ma aka sami sunan waƙoƙin fiyano.

A daidai wannan lokaci, a ƙasashen Turai da Amurka, ana ta ƙoƙarin mayar da kayan situdiyo gaba ɗaya cikin kwamfuta. A shekarar 1996 kamfanin Steinberg na ƙasar Jamus, mai manhajar Cubase, ya fito da tsarin da ya kira VST. Wannan tsari shi ya ba kowane kamfani damar ƙera ƙaramar manhaja da za a jona wa babbar manhajar ɗaukar waƙa, kamar yadda ake jona fulogi a jikin soket. Irin wannan ƙaramar manhaja ita ake kira fulogin. Manhajar FruityLoops ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda aka sake wa suna zuwa FL Studio a 2003, da ita Cubase ɗin, suna cikin manhajojin da suka fi yaɗuwa a hannun masu haɗa kiɗa na arewacin Nijeriya.

Wannan sauyi ya fi shafar garuruwa irin su Zurmi fiye da yadda ya shafi Kano. A da, matashin da ke son ya ɗauki waƙa sai ya niƙi gari ya tafi Gusau ko Sakkwato ko Kano ko Kaduna. Da kwamfutar tafi-da-gidanka da makirfo ɗaya da ƙaramin akwatin shigar da sauti suka wadatar, sai ya zamana ɗaki ɗaya ya isa a yi aikin. Matsalar tsaro da ta addabi hanyoyin Ƙaura zuwa Zurmi da Ƙaura zuwa Shinkafi ta ƙara wa wannan hanya muhimmanci, domin tura sauti ta waya ya fi tura mutum sauƙi.

4.2 Abin da Amfilifaya Take Yi wa Sautin Jita

Kafin a fahimci kwaikwayon, wajibi ne a fahimci abin da ake kwaikwaya. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo ko ƙwarya da za ta amsa sautin tsirkiya kamar yadda gurmi ko garaya suke da ita. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta kaɗa sai wayar ta haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da kaɗawar tsirkiyar. Wannan wuta ba ta da ƙarfin motsa lasifika, saboda haka sai an bi da ita ta cikin amfilifaya.

Amfilifayoyin farko suna aiki ne da wasu ƙananan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda ake kira bawul, irin na tsofaffin akwatunan rediyo. Kowane bawul yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan aka tura masa fiye da ƙarfinsa, sai ya daddatse ƙololuwar sautin, wato saman igiyar sautin ya baje maimakon ya yi tsini. Wannan datsewa tana haifar da wasu ƙananan sautuka a bisa na asali, masu ninka shi sau biyu, sau uku, sau huɗu, har zuwa sama, kuma su ne kunne yake ji a matsayin kaushi ko gurnani. Da farko aibi ne a wurin maƙera, amma makaɗan jita suka ji ya yi musu daɗi, suka riƙa neman sa da gangan. A wannan bincike za a riƙa kiran wannan yanayi da suna kaushi.

Ba amfilifaya kaɗai take ba sautin kamanninsa ba. Akwatin lasifikar jita ba ya fitar da sautuka masu tsananin kaifi, kusan duk abin da ya haura hatz 5,000 yakan dushe a cikinsa, kuma wannan dushewa ita take tace kaushin ya zama mai daɗin ji. Haka nan irin makirfon da aka kafa a gabansa, da inda aka kafa shi, ko a tsakiyar lasifika ko a gefenta, da girman ɗakin, duk suna da tasiri. Ke nan abin da ake kira sautin jita haɗin gambiza ne na jita da amfilifaya da akwati da makirfo da ɗaki.

Amfilifayoyin da suka yi fice sun haɗa da Fender Bassman ta Amurka wadda ta fito a 1952, da Vox AC30 ta Ingila ta ƙarshen shekarun 1950, da Marshall JTM45 wadda aka ƙera a Landan a 1962. Ita ma Marshall ɗin nan an ɗauko tsarin haɗin wayoyinta ne daga Bassman, saboda haka kwaikwayo tsohon abu ne a wannan sana'a.

4.3 Fulogin Mai Kwaikwayon Amfilifaya

An fara kwaikwayon amfilifaya da ƙananan akwatunan lantarki, kamar SansAmp na kamfanin Tech 21 a 1989. Shigarsa cikin kwamfuta kuwa ta kankama ne a 1998 da kamfanin Line 6 ya fitar da Amp Farm. AmpliTube na kamfanin IK Multimedia na Italiya ya biyo baya a 2002, sannan Guitar Rig na kamfanin Native Instruments na Jamus a 2004. Abin da fulogin yake yi shi ne lissafi. Kwamfuta tana yanka sautin da ya shigo gunduwa-gunduwa, galibi sau 44,100 ko 48,000 a cikin sakan ɗaya, ta mayar da kowane yanki lamba. Shi kuma fulogin sai ya lissafa abin da bawul da sauran kayan cikin amfilifaya za su yi wa wannan lamba da a ce ta bi ta cikinsu. Wajen akwatin lasifika da makirfo, yawanci ana ɗaukar amsawar akwati na gaskiya ne a ajiye ta a matsayin ɗan ƙaramin fayil, sai a riƙa ɗora ta a kan duk sautin da aka so.

Amfanin wannan ga mai situdiyo a Zurmi ko Ƙaura a fili yake. Amfilifaya mai bawul tana da tsada da nauyi, tana son wuta mai daidaito, kuma ba ta ba da kaushinta mai kyau sai an ƙure ta, abin da maƙwabta ba za su lamunta ba. Fulogin kuwa da abin sawa a kunne ma ana iya aiki da shi da tsakar dare. Wani babban amfani shi ne, abin da kwamfuta take ajiyewa shi ne ɗanyen sautin jita, kaushin kuwa a kansa ake ɗora shi kamar riga. Idan mawaƙi ya dawo bayan mako guda ya ce sautin bai yi masa ba, sai a canza masa rigar kawai, ba sai an sake kiran makaɗi ba.

Sai dai akwai sharuɗɗan da in ba a kiyaye su ba aikin yakan lalace tun daga tushe. Dole a shigar da jita ta ƙofar da aka tanadar wa kayan kiɗa a jikin akwatin shigar da sauti, domin ƙofar makirfo ko ta fiyano takan sa sautin ya fito a dakushe. Dole kuma a daidaita ƙarfin shigarsa yadda ba zai datse tun a bakin ƙofa ba, domin datsewar kwamfuta ba irin ta bawul ba ce, ƙara ce mai ɓata kunne kuma ba ta gyaruwa. Sannan akwai jinkiri. Kwamfuta takan tara wani adadi na gunduwoyin sauti kafin ta yi musu lissafi. Idan ta tara 256, jinkirin bai kai kashi 6 cikin dubu na sakan ba, amma idan ta tara 1,024 ya kai kashi 23, kuma a lissafa kusan wani kamarsa wajen fitowa. Makaɗin da ya kaɗa tsirkiya ya ji sautinta ya makara ba zai iya riƙe kiɗa ba. Saboda haka ake rage adadin a lokacin ɗauka, a ƙara shi a lokacin haɗawa domin a sauƙaƙa wa kwamfuta.

Matsalar da ta fi damun wannan yanki ita ce ta wuta. Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, kuma maganaɗisun jita yakan tsinci wannan juyi ya mayar da shi gunji. Inda ake aiki da ƙaramin janareta, ko ginin da ba a yi wa wayar ƙasa ba, abin ya fi muni. Shi kuwa fulogin bai san bambancin kiɗa da gunji ba, duk abin da aka ba shi ƙara masa ƙarfi yake yi. Mafi sauƙin magani shi ne a cire cajar kwamfuta a ɗauki jitar da batiri, makaɗin kuma ya nisanci janareta da fitila mai dogon ƙwai. Akwai kuma wani fulogin mai aikin ƙofa, wanda ke rufe layin idan makaɗi ya yi shiru, amma idan aka matsa masa yakan guntule wutsiyar sautin.

4.4 Jita, Gurmi da Ceba

Jitar lantarki ba ta yi ƙarfi a waƙar Hausa kamar yadda ta yi a wurin Abzinawan Jamhuriyar Nijar ba. Amma hanyoyin biyu sun taɓa haɗuwa a kusa da gida. A shekarar 2008 Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a wani situdiyo a Sakkwato. An yi masa aikin ne da salon waƙoƙin finafinan Hausa, da gangunan kwamfuta da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya a ƙasashen Sahel, har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin waƙoƙin wayar salula da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Wannan misali yana nuna cewa situdiyon ƙasar Hausa yakan karɓi jita ne bisa ƙa'idojinsa, murya a gaba, kiɗa a baya.

A mafi yawan waƙoƙin situdiyo na Hausa, abin da ake ji kamar jita daga fiyano ko daga ajiyayyun sautukan kwamfuta yake fitowa. Irin wannan sauti yakan fito a sandare, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Idan aka bi da shi ta fulogin mai kwaikwayon amfilifaya da ɗan kaushi kaɗan, yakan sami ɗumi da jiki. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi yadda jama'a suke sauraren waƙa. A Zurmi da kewaye, waƙa takan kai ga mai saurare ne ta lasifikar waya ko ƙaramar lasifikar Bluetooth, waɗanda ba sa iya fitar da sautuka masu kauri. Tun da kaushi yana haifar da ƙananan sautuka a bisa na asali, kunne yakan ji su ya cike gurbin kaurin da lasifikar ta kasa fitarwa. Shi ya sa ɗan kaushi a kan jita mai kauri yake sa a ji ta a waya.

Tambayar da ta fi dacewa da wannan bincike ita ce, ko ana iya bi da gurmi ko garaya ko kukuma ta wannan fulogin? Ana iyawa, domin shi fulogin bai san me aka ba shi ba. Sai dai maganaɗisu ba ya jin tsirkiyar da ba ta ƙarfe ba, kamar izgar doki ta goge, saboda haka sai dai a yi amfani da makirfo ko wani ɗan faifai da ake mannawa a jikin ƙwaryar ya riƙa tsintar girgizarta. Shi wannan faifai yana tsintar har gogar hannun makaɗi da ta rigarsa, kuma kaushi yakan ƙara fito da su.

A nan ya kamata a tuna cewa kunnen Bahaushe ba baƙon kaushi ba ne. Makaɗan garaya da molo da kuntigi sun daɗe suna maƙala ceba a ƙarshen sandar abin kiɗansu, wato ɗan fallen ƙarfe mai zobba wanda ke karkarwa duk lokacin da aka kaɗa tsirkiya. Duk wanda ya saurari kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya san wannan zizar. Aikin da ceba take yi wa tsirkiya ya yi kusa da wanda bawul yake yi wa jita: tana ƙara mata sautuka masu kaifi a sama domin ta ratsa hayaniyar taro. A ra'ayin wannan bincike, kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne a ɗauki abin kiɗa mai ceba a sake ɗora masa kaushin Marshall, wanda aka tsara domin makaɗan Ingila masu cika filin wasa. Sakamakon shi ne ziza a kan ziza, har a kasa gane abin da ake kaɗawa. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi amfilifaya mai tsabtar sauti irin ta Fender, ko kuma a raba layin biyu, ɗaya ɗanye ɗaya mai kaushi, a gauraya su yadda ɗanyen zai rinjaya.

4.5 Sarrafa-Kai

Sarrafa-kai shi ne koya wa manhaja ta riƙa murɗa maɓallan sauti da kanta a daidai wuraren da aka tsara mata a cikin waƙa. Kafin samuwarsa, haɗa waƙa a babban teburin mikisa yakan buƙaci hannuwan mutum biyu ko uku, kowa da maɓallan da zai ɗaga ko ya sauke, in ɗaya ya yi kuskure a koma farko. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Neve da Solid State Logic na Ingila suka fito da tebura masu kwamfutar da ke tuna motsin hannu. A manhajojin yanzu abin ya koma zane. A ƙarƙashin kowane layin sauti akwai wani zare da ake ja sama ko ƙasa, a kafa masa ɗigo-ɗigo, manhaja kuma ta bi shi sau da ƙafa. A FL Studio akan mayar da zaren ɗan guntun zane da ake ajiyewa a jerin waƙa kamar kowane guntun kiɗa. A Cubase akwai maɓallai biyu masu haruffan R da W, na farko na karantawa, na biyu na rubutawa: idan aka kunna na rubutawa aka saki waƙa, duk abin da mai haɗawa ya murɗa ana rubuce shi, idan aka kunna na karantawa sai manhaja ta maimaita. Ba ƙarfin sauti kaɗai ake yi wa haka ba, har da yawan kaushi da amsa-kuwwa da karkatar sauti zuwa dama ko hagu, da kunna fulogin ko kashe shi.

Dalilin da ya sa wannan dabara ta zama wajibi a waƙar Hausa yana cikin harshen kansa. Sautukan da kunne yake dogara da su wajen tantance baƙaƙe suna tsakanin hatz 1,000 zuwa 4,000, kuma a wannan fili ne jita mai kaushi ta fi ƙarfi. Hausa kuwa tana da baƙaƙe masu lanƙwasa waɗanda bambancinsu da takwarorinsu ɗan ƙanƙani ne a kunne, amma babba ne a ma'ana. Tsakanin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ko daka da ɗaka, ba wani abu ba ne illa yadda baƙin farko ya fita. Idan kaushi ya rufe wannan wuri, mawaƙi yana iya yin yabo a ji kamar zambo. Mai sauraren waƙar biki ko ta siyasa kuwa sunansa da na iyayensa da kirarinsa yake jira, kuma saboda su ya biya kuɗi. Waƙar da aka kasa jin sunan mai ita a cikinta ta faɗi, kome daɗin kiɗanta.

Makaɗan baka sun warware wannan matsala tun tuni da hannu da kunne. Kamar yadda Gusau ya yi bayani a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, waƙar ƙungiya tana da jagora da 'yan amshi, tana da gindi da ɗiya. Idan aka saurari waƙoƙin Narambaɗa na ƙasar Isa, maƙwabciyar Shinkafi, ko na Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, za a ji kotso yana ba jagora wuri idan yana zuba ɗan waƙa, sannan ya cika fili idan an koma gindi. A kiɗan 'yan tauri irin na Kassu Zurmi kuwa, zafin kiɗa yana tafiya ne tare da zafin kirari. Babu wanda ya murɗa wani maɓalli a nan. Makaɗi yana kallon jagora, yana jin numfashinsa, ya san inda zai sassauta da inda zai matsa. A situdiyon kwamfuta wannan alaƙa ta yanke, domin ana ɗaukar kiɗa daban, murya daban, wani lokaci a ranaku daban ko ma garuruwa daban. Mai jita bai ji mawaƙi ba, fiyano kuwa ba ta da kunne. Ke nan zaren sarrafa-kai shi ne ya gaji aikin da kunnen makaɗi yake yi a da.

Misali zai ƙara fayyace wannan. A ɗauka ana haɗa waƙar biki mai gindi ɗaya da ɗiya shida, da jita mai kaushi da gangunan kwamfuta. A mabuɗin waƙa, inda babu murya, sai a saki jita da cikakken kaushinta domin ta kira hankali. Ana saura ƙiris jagora ya shigo sai a ja zarenta ƙasa da kamar desibel 3 zuwa 6, a gangare ba a tsaye ba, domin kada kunne ya ji an fizge ta. A nan akwai wata dabara da ba kowa ya lura da ita ba. Rage ƙarfin sauti kafin ya shiga fulogin da rage shi bayan ya fito ba abu ɗaya ba ne. Idan aka rage kafin shiga, kaushin ne yake raguwa, jitar ta yi tsabta amma ƙarfinta bai faɗi sosai ba. Idan aka rage bayan fitowa, kaushin yana nan, ƙarar ce kawai ta sauka. A ƙarƙashin muryar jagora na farkon ya fi amfani, domin kaushin ne yake cin baƙaƙe. Inda jagora ya tsaya shan numfashi tsakanin layi da layi, ana iya ɗaga jitar na ɗan lokaci ta amsa masa, kamar yadda kalangu yake amsa wa mawaƙi. Idan an zo kan sunan ango ko na uban biki sai a ƙara sauke ta, a ɗan ɗaga muryar. Da an koma gindi, inda muryoyi suke da yawa kuma mai saurare ya riga ya haddace kalmomin, sai a mayar mata da kaushinta.

Akwai fulogin da ke sauke kiɗa da kansa duk lokacin da ya ji murya, kuma masu gaggawa sun fi son sa. Aibinsa shi ne bai san Hausa ba. Daidai yake ɗaukar sunan ango da kalmar cike gurbi, kuma guɗa ko kirarin sanƙira yakan sa shi ya danne kiɗa a inda ya kamata kiɗa ya tashi. Haka nan sauƙin kwafa yana da nasa lahani. Mai haɗawa yakan gyara gindi sau ɗaya, ya kwafe shi tare da zarensa ya manna sau bakwai, sai waƙa ta ƙare yadda ta fara. A wurin makaɗan baka kuwa gindi na bakwai ya fi na farko zafi, domin taro ya ɗumama. Mai haɗawar da ya san wannan yakan ƙara wa kowane gindi ɗan abu kaɗan, ko rabin desibel ne ko ɗan ƙarin kaushi, yadda waƙar za ta riƙa hawa.

4.6 Matsalar Adanawa da Nazari

Manazarta waƙar baka sun saba rubuta kayan kiɗan da aka yi waƙa da su a matsayin wani ɓangare na nazari, har ma akan rarraba makaɗa bisa abin da suke kaɗawa. Waƙar situdiyo ta kawo cikas a nan. Abin da kunne ya ji kamar gurmi yana iya zama fiyano, abin da ya ji kamar jitar lantarki kuma yana iya zama gurmi na gaskiya da aka yi wa riga. Saboda haka bai wadatar manazarci ya dogara da sauraro ba, sai ya nemi mai haɗa sautin ya buɗe masa fayil ɗin aikin, ya ga layukan da fulogin da zaruruwan da idonsa. Ya kamata kuma a riƙa rubuta sunan mai haɗawa tare da na mawaƙi, tun da shi yake yin aikin da makaɗa suke yi a da.

Shi kansa fayil ɗin aikin ba abin dogaro ba ne na dogon lokaci. Ba ya ɗauke da fulogin a cikinsa, sunansa da lambobin da aka saita kawai yake tunawa. Idan kwamfuta ta lalace, ko aka buɗe aikin a wadda ba ta da wannan fulogin, sai jitar ta fito ɗanya, zaruruwan da aka zana wa kaushi kuma su rasa abin da za su murɗa. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji suna buƙatar intanet kafin a sake kunna lasisinsu, kuma mutanen wannan yanki sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, aka yi makonni babu su. Don haka duk waƙar da aka gama, ya kamata a fitar da kowane layi nata sau biyu a matsayin fayil ɗin WAV, ɗaya ɗanye ɗaya da rigarsa da sarrafa-kansa, a ajiye su a wuri biyu, tare da takardar da aka rubuta sunan fulogin da na amfilifayar da aka zaɓa da ranar da aka yi aikin.